Gaisuwar da Na Koya wa Biyar

A ɗakin jinya na gidan dabbobin tekun garinmu doka uku ce, kuma Likita Oikawa da hannunsa ya rubuta su ya manna a ƙofa: ba a raɗa suna, ba a haɗa ido, ba a magana. Duk ɗan karen teku, wato dabbar ruwan nan mai shayarwa da ke jan ciki in ta fito tudu, da aka tsinto a gaɓa, muddin ana sa ran mayar da shi ruwa, haka ake rainonsa, don kada ya saba da mutum. Wanda ya saba da mutum ba ya daɗewa a tekunmu. Ko ya bi jirgin masunta farfela ta sare shi, ko ya faɗa taru garin neman wanda zai miƙo masa kifi.

Ni kuwa, Fusae, duk gidan an san ni da baki. Ina hira da tsuntsayen fengwin, ina yi wa injin sanyi faɗa in ya fara gurnani, ko bokiti na yi tuntuɓe da shi sai na ba shi haƙuri. Ranar da Likita ya ce ni zan riƙe ɗakin jinya na bana, abokan aiki har da riƙe ciki don dariya. Shi dai ya ce hannu yake nema, kuma a gidan ba mai hannu mai sanyi kamar nawa wajen zura wa jariri robar abinci. Na ji haushin dariyar sosai, na kuma ƙudura a raina sai na ba su kunya.

A watan Afrilu aka kawo wani ɗan karen teku, lokacin da ƙanƙarar teku ta janye ta koma arewa ta bar shi a kan duwatsu ba uwa. Farin gashin jarirtakarsa bai gama zubewa ba, ido ɗaya ya manne da kwantsa, ga haƙarƙari ana iya ƙirgawa. Shi ne na huɗu a shekarar, amma a wurinmu ba mai rubuta huɗu a ƙofar majinyaci, don kalmar ta yi kama da ta mutuwa. Sai aka tsallake aka rubuta biyar. Likita ya ja kunnenmu cewa lamba ce, ba suna ba. Kafin mako ya zagayo kowa Biyar yake ce masa da irin muryar da ake kiran suna, har shi mai jan kunnen.

Makonnin farko na durƙusa a kansa ina ɗura masa niƙaƙƙen kifi, fuskata a rufe, jikina cikin doguwar rigar roba. Ya cije ni sau biyu, na ji daɗin hakan, don alama ce ta mai rai. Da ya fara haɗiyar kifi da kansa aka gitta katangar katako tsakaninmu, mai ɗan rami a tsakiya. Ta ramin nake jefa masa abinci, ta nan nake leƙensa yana ƙiba, dabbare-dabbaren jikinsa suna fitowa, idon nan ya washe. Wata huɗu ina wannan aiki. In na fito ɗakin sai in tsaya a gaban masu dariyar nan in ja yatsa a kan leɓena, su ga dai mai surutu ta iya shiru.

A tsakiyar Agusta Likita ya ce lokaci ya yi da Biyar zai koyi kamun kifi mai rai. Yayana Genzo masunci ne, jirginsa na tashar da ke gangaren garin, shi aka roƙa ya riƙa kawo mana. Mutum ne da bai san raɗa ba, ko sirri zai gaya maka sai na tsallaken titi ya ji. Ya zo da sassafe rungume da babban baho, ni da Likita muna bayan katanga. Kafin in yi masa alamar ya rufe baki ya tura ƙofa da kafaɗa ya ce, "Barka da asuba!"

Biyar yana kwance a can ƙarshen ɗan tafkinsa yana barci. Kafin Yaya ya ajiye bahon ya tsallake ruwan, ya fito, ya taho da jan ciki yana ta rawar jiki har gindin katanga, ya ɗaga kai ya buɗe baki.

Likita ya bari Biyar ya gaji ya koma, sannan ya sa Yaya ya faɗi wasu kalmomin da wannan muryar tasa. Ya ce kifi, ya ce ruwan sama, ya kira sunan jirginsa. Biyar ko gezau. Da ya maimaita gaisuwar kuwa, sai ga shi ya sake tahowa a guje. Likita ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Na ja su waje, na ce masa ya tambayi wani dai, ni tun Afrilu ko tari ban yi a ɗakin nan ba. Da zafi na faɗa, don na yarda da kaina.

Akwai kyamara a kusurwar ɗakin mai ɗaukar hoto da murya, wadda ba mai kula ta sai in dabba ta yi rashin lafiya. Muka zauna a ofishin Likita ya kunna. Ga ni nan, ƙarfe shida da rabi, na zuge ƙofa, na ɗan rusuna, na faɗa ƙasa-ƙasa, "Barka da asuba." Sai kifi ya faɗo ta rami. Ya koma jiya, haka. Ya koma Yuni, haka. Ya koma ranar da nake durƙushe da robar abinci a hannu, haka. Na rasa inda zan sa fuskata.

Kafin in zo gidan nan shekara ashirin da biyu na yi ina hidima a wani masaukin baƙi a wani gari mai maɓuɓɓugar ruwan zafi. A can, ba a zuge ƙofar ɗakin baƙo da safe ba gaisuwa, ko da kuwa baƙon ya riga ya tafi ɗakin ba kowa. Uwar ɗakinmu takan ce ɗakin ma yana da haƙƙi. Masaukin ya daɗe da rufewa, uwar ɗakin ta rasu, amma bakina ya ci gaba da aikinsa bai shawarce ni ba. A lissafina gaisuwa ba magana ba ce, shi ya sa ban taɓa jin fitarta ba.

Yaya Genzo, da ke tsaye a bakin ofis yana murza hularsa, shi ya fara magana.

"Fusa, kin san jirgi nawa ke tashi daga tasharmu da asuba? Arba'in. Kowanne da mutum uku, kuma kowa sai ya gaida kowa, har wanda suka yi faɗa jiya. Ke kin koya wa ɗan nan cewa duk tashar kiransa take ya zo ya ci abinci."

Na ce masa ya bari, na gane.

"Ba ki gane ba. Wata mai zuwa za mu zuba tarun kifin kaka. In ya kai mako a raye, ki zo ki aske min gemu."

Likita ya tsayar da mu. Ya ce ranar sakin Biyar saura mako uku, kuma ba zai ɗaga ta ba, don bayan nan gaɓar duk taru ce. In an iya cire masa gaisuwar nan daga kai kafin ranar, zai tafi. In ba a iya ba, zai sa hannu a takarda a mayar da shi babban tafki wurin 'yan kallo, ya zauna har ƙarshen ransa. Irin su kuwa suna kai shekara talatin.

Ba na raina babban tafki. Ni nake wanke shi, ni nake ciyar da mazaunansa, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a cikinsa. Amma akwai wata tsohuwa a ciki, Ume, wadda aka kawo tun kafin in fara aiki, ita ma tana jaririya. Kullum hagu take zagayawa, ba ta taɓa yin dama ba, har cikinta ya goge fentin bangon a wuri ɗaya ya bar dogon layi. Ina son Ume, nakan tsaya mu yi hira in na gama shara. Ranar nan da na fito daga ofis na tsaya a jikin gilashi ina kallonta tana wucewa, tana sake wucewa, sai na ji tsoro ya kama ni. In Biyar ya shiga nan, bakina ne ya sa shi.

Da farko Likita ya gwada hanya mai sauƙi. Aka daina ba shi abinci da safe, aka riƙa sakin kifi mai rai ta bututu a lokutan da ba ya tsammani, ba kowa a ɗakin. Kowane ma'aikaci kuma in zai wuce sai ya leƙa ya yi gaisuwar ya tafi, ba kifi ba komai. Kwana biyar ana haka. Biyar yana kamun kifinsa tsaf, amma ko sau ashirin aka gaishe shi a rana sau ashirin zai zo. Likita ya ce wannan ba mai saurin yanke ƙauna ba ne, kuma ba mu da lokacin jiransa. Dole gaisuwar ta koma masa abin tsoro.

Ya miƙo min murfin tukunya na ƙarfe da ludayi. Ya ce ni zan yi, tunda muryata ce tushen abin. Na ce, "Sensei, a sa wani mana." Haka muke kiransa, wato malam. Ya ce wani zai taya, amma in ban yi ba aikin banza ake yi.

Na shiga, na tsaya bayan katanga, na gaishe shi. Ya taho da murnarsa. Sai da ya iso gindin katako, har ina jin hucin hancinsa ta ramin, sannan na buga murfin da iya ƙarfina. Ya zabura ya faɗa ruwa da baya. Can ya ɗago kai daga nesa yana kallon katangar, gashin bakinsa a miƙe. Bayan awa guda na dawo na sake gaishe shi, ya sake zuwa. Na sake bugawa. Ranar sau shida ya zo. Ban taɓa jin na tsani aikina ba sai a ranar, na fita na zauna a kan bokiti a bayan ɗakin yankan kifi na kasa cin abincin rana.

Yaya Genzo ya ɗauki abin da zafi fiye da yadda na zata. A mako na biyu ya fara zuwa da abokansa bayan sun dawo daga teku, mutum biyar, shida, da takalman robarsu da ƙarnin jikinsu. Mutanen da karnukan teku suka sha yaga wa taru, waɗanda in ka ambaci dabbar a gabansu sai sun tofar da yawu, ga su a layi a ƙofar ɗakin jinya kamar masu jiran allura. Kowa ya shiga ya kwarara gaisuwa, ya buga ƙafa, ya watsa ruwan tiyo ta saman katanga. Wani dattijo a cikinsu, Kumagai, ya ce shekara hamsin yana neman damar ya ci mutuncin karen teku, da ta samu kuma sai aka ce da gaisuwa zai fara. Yaya ya ce masa ai shi aikin bai yi masa wuya ba, matarsa ma in ya gaishe ta da safe guduwa take yi. Suka yi ta dariya. Amma na lura Kumagai in zai watsa ruwan gefe yake saitawa.

Masuntan nan, Biyar ya yi saurin gane su. Kwana huɗu kacal, da ya ji muryar namiji sai ya nutse ƙasan tafki ya lafe. Ni ce dai ya ƙi yarda da muguntata. Ya daina tahowa a guje, amma yakan zo a hankali, ya tsaya rabin hanya, ya jira ya ga ko yau an huce. Akwai kwana biyu da ya ƙi cin komai, kifin yana yawo a gaban hancinsa ya yi biris da shi. Na gaya wa Likita mu dakata, ya ce mu ci gaba. Na ji kamar in kwaɗa masa murfin, ko da yake na san shi ke da gaskiya. A rana ta uku Biyar ya ci. Daga ranar kuma in na gaishe shi sai ya juya min baya ya nutse.

Saura kwana huɗu a sake shi Likita ya ce a yi gwaji. Aka cire katangar gaba ɗaya, don a teku ba katanga. Masunta suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ba buga ƙafa ba ruwa, gaisuwa kawai. Biyar ya tsere can ƙarshe ya nutse. Aka kawo matar da ke sayar da tikiti da wata mai shara, su ma ya guje su. Aka bar shi ya huta, sannan Likita ya ce saura ni. Na shiga, na gaishe shi, ya nutse ya daɗe bai fito ba. Yaya ya daki kafaɗar Kumagai, Likita ya cire murfin biro ya jawo takardar saki.

Da na yi shiru a nan da an gama. Amma na san abin da su ba su sani ba. Mako biyun nan duk da wata murya nake gaishe shi, mai ƙarfi, busasshiya, muryar wadda ta san za ta buga murfi. Ba ita ce ta kyamara ba. Biyar bai daina son gaisuwar ba, bambanta muryoyina biyu ya koya. Na tsaya ina kallon hannun Likita a kan takardar, zuciyata tana cewa ki bari mana, wa zai sani. Sai dai ƙarya ɗaya na riga na yi a kan ɗan nan ba da sanina ba, ban ga yadda zan ƙara ta biyu da gangan ba.

"Sensei, ba haka nake faɗa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na yi masa bayani. Yaya ya harare ni kamar ya cinye ni ɗanya. Likita ya mayar da murfin biron ya ce to in faɗa yadda nake faɗa.

Na fita, na rufe ƙofar, na tsaya har numfashina ya daidaita. Sannan na zuge ta, na rusuna, na bar bakina ya yi abinsa. Ruwan ya ɗan jima bai motsa ba. Can sai ga kansa ya ɓullo. Ya taho a hankali, ba rawar jiki, ya fito daga ruwan, ya jawo ciki har gabana, ya ɗora haɓarsa a kan takalmina. Bai ma buɗe baki neman kifi ba. Tun da ya warke ban taɓa ganinsa ba katako a tsakaninmu sai a ranar, kuma duk da dokar da ke ƙofa na dube shi cikin ido. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba, daɗi mai yawa, sai kuma kunyar jin daɗin ta biyo baya.

Muka fito waje. Likita ya tambayi Yaya ko a tashar akwai mai irin wannan murya. Yaya ya ce a tasharsu wanda ya yi magana haka sai a ɗauka ciwo yake a mayar da shi gida. Kumagai ya ce ko matan da ke tsintar ganyen teku a gaɓa sun fi maza ihu. Likita ya daɗe yana buga biro a tafin hannunsa.

"To, murya ɗaya ce a duniya za ta iya kashe shi, kuma na san inda take kwana," in ji shi. "Zan sa hannu. Amma Fusae, daga yanzu ba ki ba ɗakin nan. Ranar saki ma ba za ki je gaɓa ba. Ba na so ya ji ki, ko tari ne."

Na rusuna na ce na gode. Da gaske na gode, ko da yake hukuncin ya raba ni da Biyar.

Ranar ta zo da iska mai ɗan sanyi. Aka ce in zauna a ɗakin yankan kifi, na zauna, ina yanka abincin fengwin. Ina jin su a can baya suna ɗora akwatin katako a motar a-kori-kura ta Yaya, ba mai magana sai ƙarar igiya. Hanyar fita ɗaya ce, kuma ta gaban ƙofar ɗakin da nake ta bi. Na yi niyyar ba zan leƙa ba. Da na ji motar ta taho sai na gan ni a bakin ƙofa, wuƙa a hannu.

A wurinmu in na gida zai fita, ko kanti zai je, ana ce masa je ka dawo. Ita ce ta hau kan harshena. Akwai wata kalmar ta rabuwa, amma wannan ta baƙi ce, ba a faɗa wa wanda ka raina da hannunka. Na laluba duk abin da na sani, ban sami abin da ake gaya wa ɗan gida wanda ba a so ya dawo ba.

Yaya da ya hango ni sai ya rage gudu, har motar ta kusa tsayawa daidai ƙofar. Shi a ganinsa alheri yake min. Tsakanina da akwatin bai fi taku uku ba, ina ganin hancin Biyar a jikin tsagar katako yana shaƙar iska, ramukan suna buɗewa suna rufewa. Na ji kalmar ta taso min daga ciki. Na yar da wuƙar, na toshe bakina da hannu, duk da jinin kifin da ke jikinsa, na ɗaga ɗaya hannun ina korar Yaya, ya tafi, ya tafi mana. Ya dube ni, ya gane, ya taka motar.

Sai da ƙararta ta ɓace a gangaren sannan na cire hannun daga bakina. Ko a lokacin ban faɗa ba, don iskar daga wajenmu take kaɗawa zuwa teku.